Radiyon Cikin Labarin Rauda

Lahadi, 1 ga Satumba, bayan sallar asuba

Ba ta kwana gida ba.

Na rubuta don in riƙe ranar, ba don wani abu ba. Kayen nan, littafin da nake rubutu ciki, cikin waɗanda na saya wa ƙannenta ne na komawa lakwal, makarantar boko. Su suna garin Gene wurin kakarsu suna hutu, gara da ba su nan.

Malam, mai gidana, ya dawo daga masallaci, ya tsaya ƙofar ɗakinta ya ce, "Bara'atu, ina Rauda?" kamar ni na naɗe ta cikin zane. Na ce ya tambayi wadda ta fita. Mai shekara ashirin da ɗaya ta san hanyar gidan ubanta. Ita ce ta fari, sunanta ban taɓa kira ba don kunya, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran na yayana ba. Amma wajen tarbiyya ban ji kunyarta ba, kuma ba ni ji.

Na kwashe tokar murhun da na ƙona kayenta a ciki jiya. Ashe wayar ƙarfen da ke bayan kaye ba ta ƙonewa. Guda biyar, sun nannaɗe kamar tana. Na rufe su a rami bayan ɗaki.

Ban yi kuskure ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lahadi, azahar

Salularta tana cikin akwatina inda na kulle ta jiya. Ta yi kuka sau goma sha ɗaya. Ban buɗe ba.

Litinin, 2 ga Satumba, hantsi

Na fita rumfa kamar kullum. Wanda ya rufe rumfa shi ya ba mutane abin faɗi. Na jera atamfofi, na share gaba, na zauna.

Ummul-Khairi, taubashiyata mai garin rogo a rumfar da ke jikin tawa, ba ta tsokane ni ba yau. Shekara ashirin ba ta taɓa barin in zauna ba tare da ta kira ni baiwarta ba. Yau sai ta ce, "Kin kwana lahiya?" kamar baƙuwa. Can ta matso ta ce, "Hajiya, abin da kika hwaɗa ran Asabar ya yi nauyi. Gaban kasuwa duka."

Na ce, "Ita da ta yi nata gaban garin Malanbil duka har ƙetare fa?"

Wata uku ɗiyata tana zuwa gidan radiyon garin nan kowace Asabar, tana karanta labarin da ta ƙaga da kanta, da sunan aro. Ni ina cewa tana wurin koyon odinatar, wato kwamfuta. Ni da ba ni kunna radiyo sai don wa'azi da sanarwar rasuwa, ni ce ta ƙarshe da ta ji. Wata mai sayen zane daga ƙauyen Tumbutu nan kusa ce ta ce mini, "Hajiya, ɗiyarki ta iya labari, ko tuwo muna bari shi ƙone." Muryar budurwa cikin kunnen kowane direban tirela, tana faɗin abin da bai faru ba. Abin da bai faru ba sunansa ƙarya, ko da wane zane anka lulluɓe shi.

Da ɗiyar tawa ta iso rumfa ranar Asabar bayan la'asar na faɗa mata abin da na faɗa.

Uwa tana da haƙƙi. Ban yi kuskure ba.

Talata, 3 ga Satumba, la'asar

Malam ya ce mu je bakin ruwa. Na ce ya tafi. Daga baya na bi shi a kabu-kabu, don kada a ce.

Tun da anka rufe gada kowa a jirgi yake ƙetarawa zuwa Gaya, mutum da buhu da babur. Ban taɓa ganin kogin ya cika haka ba. Ya ci gonakin shinkafa na bakin gaɓa, ruwan ja wur, yana tafe da rassan itace. Masu jirgi suna loda mutane har bakin jirgin yana shan ruwa. Ba tsoron Allah. Na faɗa wa ɗayansu haka, ya yi dariya.

Wani dattijo mai jirgi ya ce ya ɗauki wata budurwa ranar Asabar gab da magariba, ba kaya, ba jaka, tana kuka ba sauti. Hijabi ruwan toka. Malam ya ce, "Ta sauka?" Dattijon ya ce, "Alhaji, duk wanda na ɗauka na sauke shi. Amma masu hijabi ruwan toka sun hi ɗari." Wani kuma ya ce ba jirgin dattijon ta shiga ba, na wani ne, kuma ranar akwai wanda ya sha da ƙyar a tsakiya. Kowa da nasa.

Na tsaya ina duban ruwan. Na tuna kalmomin da na zaɓa ranar Asabar. Cikinsu akwai hanya, akwai kuma dawowa. Ban san za ta nufi kogi ba.

Malam ya kira ƙanwarsa Marka da ke aure a Gaya. Ta ce ba ta gan ta ba.

Laraba, 4 ga Satumba, bayan azahar

Taron mata na wa'azi a gidana, kamar kowace Laraba. Ni ke ja. Darasin yau haƙƙin iyaye ne, tun watan jiya anka tsara shi, ba ni na zaɓa don yau ba. Na karanta, na fassara da Hausa da Dandanci. Ba wadda ta yi tambaya.

Da za a tashi Aisha Humaira ta ce, "Malama, mi zai hana a kai sanarwa radiyo? Ana jinta har Gaya." Ita ce wadda bara na ce wa, lokacin da ta kai cigiyar tata ɗiyar radiyo, cewa ta shanya tsummanta bisa gada. A nan tsakar gidan na faɗa mata. Yau ba ta tuna mini ba. Da ta tuna mini da ya fi sauƙi.

Na ce ɗiyata ba akuya ba ce da za a yi cigiyarta tsakanin sanarwar suna da ta ɓatan katin ɗan ƙasa.

Alhamis, 5 ga Satumba, asuba

Ruwa ya ƙaru, in ji masu dawowa daga masallaci.

Juma'a, 6 ga Satumba, hantsi

Salular ta daina kuka. Wuta ta ƙare mata, shi ke nan. Ba wata ma'ana.

Asabar, 7 ga Satumba, bayan magariba

Ina auna wa wata mata yadi shida bayan la'asar sai na ji muryarta.

Almakashi ya faɗi. Na tashi na dubi hanya. Ashe daga radiyon mai albasa ne, da na tela, da na mai nama, duka layin murya ɗaya. Na ce, "Tana can! Tana gidan radiyo!" Har na ɗauki mayafi. Ummul-Khairi ta riƙe ni ta ce, "Zamna. Naɗe shi ta yi tun kahin ta tahi. Suna yin haka."

Na zauna. Layin ya yi tsit, kowa yana aikinsa yana satar kallona. Na ci gaba da yanka zane don su ga ba saurare nake ba. Na ji duka.

Labarin wani gida ne na masunta. Akwai wani tsohon radiyo bisa kanta a tsakiyar ɗaki, maɓallin kashe shi ya karye tun da daɗewa. Daga asuba har kwanciya yana magana. Shi ke faɗin lokacin tashi, shi ke faɗin abin da ke abin kunya, shi ke faɗin gidan da ya lalace a unguwa da dalilin lalacewarsa. Mutanen gidan suna goge shi, suna rufa masa kyalle mai ado, baƙi suna yaba ƙarfin muryarsa. Akwai wata yarinya a gidan da kullum in ta dawo daga ɗiban ruwa takan tsaya gabansa ta ba shi labarin abin da ta gani. Shi kuwa yana ta nasa.

Mutane sunka yi dariya a wurin da radiyon ya yi wa kaza faɗa don ta shiga ɗaki ba sallama. Mai albasa har da buga cinya. Da ya ga na dube shi ya mayar da ita tari.

Muryar lafiya lau. Amma muryar kafin waccan Asabar ce.

Lahadi, 8 ga Satumba, hantsi

Ni ma na yi lakwal, har aji huɗu na sakandare, ba za a raina mini hankali da labari ba. Mushe Abdulaye, malaminmu na faransanci, ya koya muna cewa in marubuci ya ajiye wani abu a tsakiyar ɗaki yana ta komawa kansa, to abin yana tsaye ne a madadin wani abu. Har radiyo ya taɓa yi muna misali da shi. Ya ce a littattafan da anka rubuta lokacin samun 'yancin kai, in ka ga radiyo a zauren mai gari, muryar babban birni ce, tana zuwa daga nesa tana ba da umurni, talaka ba ya da bakin mayar mata. A wasu kuma shi ne ƙofar da duniya ke shigowa ƙauye da yaƙinta da waƙoƙinta. Na ci jarrabawar da maki mai kyau, ban manta ba.

Saboda haka radiyon cikin labarinta gwamnati ne. Dubi yadda anka rufe muna gada: a radiyo munka ji, ba wanda ya tambaye mu. Yarinyar tana da kai, wannan ban taɓa musu ba.

Na faɗa wa Malam haka. Ya ce, "Ni dai radiyo na ji anka ce." Ya ci gaba da jan carbi.

Na faɗa wa Ummul-Khairi da ta zo gaishe ni. Ta dube ni, ta dube ni, sai ta ce, "Gwamnati ta taɓa yi ma kaza hwaɗa?"

Na ce misali ne.

Ta ce, "Baiwata, ranar sunan ɗana Latihu wa ya kori kaza da wa'azi har liman ya yi dariya? Ke ta. Kasuwa duka ta san ke ta. Ke ɗai kika tahi lakwal, ke ɗai ba ki gane ba."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta ce sai ta gama shan hurarta.

Litinin, 9 ga Satumba, azahar

In ni ce, to ta zagi uwarta gaban duniya, abin da na faɗa ya halatta.

In ba ni ba ce, me na ƙona?

Talata, 10 ga Satumba, bayan magariba

Malam ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Kwana tara yana tura kwano, yau har da suɗe hannu. Ya yi aski kuma. Da rana na ji shi a zaure yana waya da murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "To, a gaishe ta," da na shigo ya ce da mai shinkafa yake magana. Mai shinkafar namiji ne.

Ban tambaye shi ba. Mace mai mutunci ba ta tuhumar mijinta.

Na yi raka'a biyu. Ban san ko ta godiya ba ce.

Alhamis, 12 ga Satumba, hantsi

Na kira Marka da kaina. Munka gaisa, munka yi maganar ruwa, munka yi maganar tsadar shinkafa. Sai na ce, "Yarinyar nan fa?"

Ta ce, "Wace yarinya?"

Na ce, "Ta wajena."

Ta ce, "Ayya, Bara'atu, ke da kika sallama ɗiya gaban mutane, cigiyar mi kike yi? Ni ɗiyar yayana ce a ɗakina, ba taki ba."

Tana da rai. Na rubuta shi da kyau: tana da rai.

Na ce ta ba ta wayar. Marka ta ce ba ta karɓa. Ta ce yarinyar ta kwana uku da zazzaɓi, tana farkawa tana cewa bakin inna ya kama ta. Ta ce ko bakin kogi ba ta zuwa, ta rantse ba ta sake hawa ruwa da wannan magana bisa kanta, sau ɗaya Allah ya tsare, ba ta gwada shi sau biyu. Takardunta na shiga jami'a a Paraku suna nan cikin ɗakinta, wata mai zuwa ake rufe karɓa.

Na ce, "To ki ce mata ta dawo, ya wuce."

Marka ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. "A kunnena za ki janye abin da kika hwaɗa a kasuwa? Wanda anka tuɓe a kasuwa ba a ɗaki ake mayar mishi da riga ba."

Dangin miji. Sun daɗe suna jiran rana irin wagga.

Juma'a, 13 ga Satumba, asuba

Ni zan ba ɗiyata haƙuri? Wata tara. Shekara biyu a baya. Ƙyanda, da na yi kwana goma sha biyu ban miƙe ƙafa ba. A wane littafi anka ce uwa ta durƙusa?

Ban yi kus

Tawadar bik ɗin da nake rubutu da shi ba ta ƙare ba, amma ya tsaya. Na sake wani.

Asabar, 14 ga Satumba, la'asar sakaliya

Ban je kasuwa ba, na ce kaina ke ciwo. Na ɗauko radiyon Malam daga zaure na shiga ɗaki na sa sakata, kamar ɓarauniya a gidana.

Yau a labarin pil ɗin radiyon, wato batirinsa, ya fara mutuwa. Muryar ta dishe, tana yankewa, ba a jin faɗan sai an kanga kunne. Mutanen gidan sunka ji daɗi. Uban ya yi barcin rana karo na farko. Yaran sunka yi wasa a ɗaki. Yarinyar ita ma ta yi murna kwana ɗaya. Kwana na biyu ta kasa cin abinci. Ta ce gidan ya zama kamar na wasu. Ta tashi da asuba ba wanda ya ce ta tashi, ta rasa me za ta yi da kanta. Sai ta kwance ɗan abin da ta ƙulle a bakin zane, ta fita cikin ruwan sama zuwa kanti mai nisa ta sayo pil. Tana sa masa, abu na farko da ya faɗa shi ne ta jiƙa tabarma da ƙafafunta.

Nan mai gabatarwa ya shigo ya ce a nan abin da ke hannunsu ya ƙare.

Mushe Abdulaye bai koya muna wannan ba. Ba wanda ke shiga ruwan sama don ya sayo wa gwamnati pil.

Na daɗe zaune. Shinkafar da na ɗora ta kama.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan azahar

Na je gidan radiyon. Ɗaki uku ne da dogon ƙarfe a bayansu, na zaci ya fi haka. Mai filin sunansa Safiyanu, magidanci ne mai furfura a gemu, ya taɓa koyarwa a lakwal. Na zo da niyyar in faɗa masa abin da Allah ya tanadar wa masu ɓata 'ya'yan mutane, na kuwa fara. Ya bar ni na kai aya, ya kawo mini ruwa.

Ya ce, "Hajiya, kashi na ƙarshe ba mu da shi. Ta ce shina cikin kayenta a gida, za ta kawo."

Na dubi ƙasa.

Ya ce, "Masu saurare sun dame mu. Har daga Gaya ana kira, ana tambaya ƙaƙa radiyon zai ƙare. Wasu sun ce a jehwa shi kogi. Wata tsohuwa ta ce in anka taɓa shi ba ta sake kunna tasharmu."

Na ce sanarwa na kawo. Na miƙa masa takardar da na rubuta, shafi biyu. Ya karanta yana motsa baki. Ya ce, "Ayoyin daidai suke, hadisan ma. Amma in na karanta wanga, ko ni da ban yi laihi ba sai in ƙara nisa." Ya ce kuma sanarwa shi ke karanta ta da bakinsa, alhali abin da anka ɗaura da bakin uwa bakin ma'aikaci ba ya kwance shi. Filin Asabar ba kowa a cikinsa yanzu. In ina so, in zo in zauna.

Na ce muryar mace a radiyo, ni da na yi shekaru ina hani? Ya ce shi dai fili gare shi, fatawa tana wurina.

Laraba, 18 ga Satumba, la'asar

Na rage takardar zuwa shafi ɗaya. Na rage zuwa rabi. Duk inda na cire nasiha sai in ga ba abin da ya rage sai abu ɗaya, shi ne kuwa ba ya rubutuwa.

A taron mata na ce Aisha Humaira ta ja darasi, makogwarona ba daɗi. Ta ja da kyau. Ta yi kuskure biyu a karatu.

Juma'a, 20 ga Satumba, hantsi

Na ce wa Malam ya gaya wa mai shinkafarsa ta kunna radiyo gobe. Ya ɗauki wayarsa ya fita zaure.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan magariba

Ummul-Khairi ta rufe rumfarta ranar kasuwa ta raka ni. A hanya tana cewa, "Yau baiwata za ta shiga cikin akwati, a ji ta da dalili."

Ɗakin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da katifa. Safiyanu ya ɗora mini abin ji a kunne bisa mayafi, ya nuna mini jar fitila. Ya yi sallama ga masu saurare, ya ce yau ba labari, baƙuwa gare shi. Fitilar ta kama.

Ni da ke tsayawa gaban mata sittin ba takarda, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Ni ce Bara'atu mai atamfa, matar Malam Na-Allah. Mako uku da sunka wuce na faɗa wa ɗiyata magana a kasuwa."

Safiyanu ya ce a hankali, "Wace ɗiya, Hajiya? Ɗiya da yawa ke saurare."

Ya sani sarai ita ce ta fari. Na dube shi, bai kawar da ido ba.

Na ce, "Rauda."

Ban taɓa jin sunan a bakina ba. Gajere ne ashe.

Na ce waɗanda sunka ji ni ran nan su zama shaida yau. Na janye. Na yafe mata duniya da lahira. Hanyarta a buɗe, ta ruwa da ta tudu, zuwa da dawowa. Allah ya yi mata albarka. Na ce kuma abin da na sa a wuta ba nawa ba ne. A nan na tsaya, don sauran ya ƙi fita.

Safiyanu ya buɗe layin waya. Wani direba ya kira ya ce Allah ya saka. Wata ta kira tana kuka ba a gane me take cewa ba. Wani ya kira yana tambayar ko an ga jakinsa. Na uku ko na huɗu bayan wannan, Safiyanu ya dubi lambar ya ɗaga mini gira.

"Inna."

Na ce, "Na'am."

"Ina wuni."

Na ce lafiya lau, ya jikin, an ce kin yi zazzaɓi, ai na sha faɗa miki ki riƙa kwana cikin gidan sauro.

Ta ce, "Inna, ina son in yi magana."

Ta fara. Ba ta yi nisa ba na ce ba haka anka yi ba. Ta sake farawa, na ce ta tuna ko wa take wa magana. Na uku na buɗe baki ina magana, sai na ga ba na jin kaina a kunne. Safiyanu ya ja wani ɗan maɓalli ƙasa da yatsa ɗaya, yana kallon bango kamar ba shi ba. Ta bayan gilashi ina hango Ummul-Khairi ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Minti bakwai, in ji agogon bangon. Ban taɓa sanin tana da magana mai tsawon haka ba. Abin da ta faɗa Malanbil ta ji, Gaya ta ji, ba sai na rubuta ba. Wani abin ba daidai ba ne. Wani tun tana aji uku ya faru, ni ban ma tuna ba, ita ta riƙe har launin kwanon. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Wannan a wurina ta gada ko a wurin ubanta, ban sani ba.

Da ta gama Safiyanu ya mayar da maɓallin sama, ya ce, "Hajiya?"

Na ce, "Na ji."

Ya jira ƙari. Ita ma ina jin numfashinta tana jira. Na ce, "Shi ke nan. Na ji."

Lahadi, 22 ga Satumba, azahar

Wasu sun zo yi mini barka, wasu jaje. Mata biyu sun aiko cewa ba su sake zuwa taron Laraba. Wata ta ce na zubar da girman iyaye mata duka. Da ni ce a wurinta haka zan ce.

Marka ta kira Malam. Asabar yarinyar za ta ƙetaro, ta karanta kashi na ƙarshe da ta sake rubutawa. Gidan radiyo ta ce. Ba ta ce gida ba.

Laraba, 25 ga Satumba, hantsi

Na sa salularta caji. Na wanke zanen gadonta. Na ɗora takardun Paraku bisa matashi, da sabbin kaye biyar a ƙarƙashinsu. Na ɗauke kayen. Na mayar.

Juma'a, 27 ga Satumba, asuba

Ruwa ya fara ja, in ji su. Ban yarda da masu jirgin nan ba.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan isha'i

Ban je bakin ruwa ba, ubanta ya je. Ban kunna radiyo ba kuma. Ummul-Khairi ta aiko a tambaye ni ko na ji yadda anka ƙare da shi, na ce a ce mata ina aiki. Na dafa shinkafa da miyar kifi, na soya albasa daban yadda take so.

Ana kiran magariba ta yi sallama. Ta rame. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, nesa, kamar mai jiran a ce ta shigo. Na ce ta wanke hannu abinci na hucewa.

Ta ci a tsakar gida, ubanta yana ta zuba surutu kan farashin albasa don kada a yi shiru. Ta shiga ɗakinta, ta daɗe. Da ta fito ba ta ce komai kan kayen ba, amma ɗaya yana hannunta. Ta ce gobe za ta koma wurin gwaggonta ta ɗauko kayanta ta yi sallama, Paraku kuma ranar Alhamis. Ba izini ta nema ba, faɗa mini ta yi. Na ce Allah ya kai mu.

Ta ce, "Inna, kin ji ƙarshen?"

Na ce ban ji ba.

Ta ce, "In karanta miki?"

Na ce sai na idar da salla. Tana can tsakar gida yanzu bisa tabarma, ta miƙe ƙafa gaban ubanta, ɗankwalinta ya zame har rabin kai, kuma da hagu ta karɓi kofin ruwa.

Na gani duka. Na rubuta su nan. Bari in rufe kayen in fita.